Tsakanin Inji da Ciniki: Waiwaye a Kan Sana'ar Buga Littafin Hausa

Muhawarar da aka tafka a kan Adabin Kasuwar Kano a shekarun 1990 tana cikin abubuwan da ake fara gabatar wa duk ɗalibin da ya zaɓi nazarin zube. Mun san waɗanda suka ja daga a shafukan jaridu da mujallu, irin su Ibrahim Malumfashi a ɓangare guda, da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu a ɗaya ɓangaren. An yi ta kai-komo a kan ƙa'idojin rubutu, da tarbiyya, da tasirin finafinan Indiya, da ko waɗannan littattafai sun cancanci a kira su adabi. Abin da nake ganin ba a ba shi haƙƙinsa ba shi ne kalmar da ke tsakiyar sunan, wato kasuwa. Ta yaya samari da 'yan mata da matan aure, waɗanda ba su da maɗaba'a, ba su da edita, ba su da ɗakin ajiya, suka cika shaguna da sababbin littattafan hira, a daidai lokacin da kamfanin da ya gaji suna da gogewa da ƙwararrun ma'aikata ya fi karkata ga sake buga tsofaffin littattafansa?

Ni dai salo na nazarta a digirina na biyu, kuma neman kwafen littattafan da zan yi aiki da su ne ya kai ni shagunan Sabon Gari da wasu ƙananan maɗaba'u na cikin Kano. Masu shago ba su cika damuwa da jigo ko zubi ba. Zancensu shi ne farashin rim na takarda, da wanda ya ɗauki kaya bai kawo kuɗi ba, da littafin da ya yi kwantai har bangonsa ya koɗe. Da na jima ina sauraronsu sai na lura cewa da yawa daga cikin tambayoyin da na zo da su a kan salo, amsarsu tana cikin wannan zance nasu. Abin da ya sa ke nan na ɗan tsallaka katanga zuwa ga rubuce-rubucen masana harkar gudanar da kamfanoni, inda na tarar sun daɗe suna jujjuya abubuwa uku: fasahar da kamfani yake aiki da ita, da dabarar da ya zaɓa ta neman kasuwa, da tsarin da ya zauna a kansa, wato wane ne ke yanke shawara, wane ne ke ƙarƙashin wani, ta wace ƙofa kuɗi ke shiga, kuma wa ke riƙe da makullinta.

Kalmar fasaha kanta abin dubawa ce. A wurinmu asalinta hikimar sarrafa harshe ce, irin wadda muke yaba mawaƙi da ita. Daga baya ne aka ɗora mata nauyin injuna da na'urori, har ta zama abokiyar tafiyar kimiyya. A wannan maƙala ma'ana ta biyu nake nufi, ko da yake za a ga cewa ta biyun tana yawan sa hannu a cikin ta farkon.

A shekarun 1950 wata masaniya mai suna Joan Woodward ta bi kamfanoni 100 a kudancin yankin Essex na Ingila, tana neman gano tsarin shugabanci da ya fi kowane kyau. Ba ta samu guda ɗaya da ya dace da kowa ba. Abin da ta gani shi ne, masana'antar da ke ƙera kaya ɗaya-ɗaya bisa buƙatar mai saye, da wadda ke zubo kaya iri ɗaya dubbai, da wadda aikinta ke gudana ba tsayawa kamar matatar mai, kowace tana da yawan hawan shugabanci da yawan ma'aikata a ƙarƙashin mai duba aiki da ya dace da ita. Kamfanonin da suka fi samun nasara su ne waɗanda tsarinsu ya yi daidai da irin aikin injunansu. A 1962 kuma Alfred Chandler ya fitar da littafinsa a kan manyan kamfanonin Amurka huɗu, wato DuPont da General Motors da Standard Oil na New Jersey da Sears. Labarin DuPont ne ya fi zauna mini. Kamfani ne da ya ƙware a albarusai, sai a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya ya shiga yin fenti da rini da sauran kayan sinadarai, amma ya bar tsarinsa na da, inda sashen sayarwa ɗaya ne ga dukkan kaya, sashen ƙira ma ɗaya. Sai asara ta biyo baya, domin mai sayar wa gwamnati albarushi tan-tan bai san yadda ake sayar wa magidanci gwangwanin fenti ba. Sai a 1921 suka raba kamfanin sassa-sassa, kowane nau'in kaya da shugabansa da lissafinsa.

Akwai kuma misalin da masanin tarihin tattalin arziki Paul David ya kawo a 1990, wanda zan sake buƙata can gaba. An fara sayar da wutar lantarki a biranen Amurka tun farkon shekarun 1880, amma sai wajen shekarun 1920 aka ga tasirinta sosai a yawan abin da masana'antu ke samarwa. Dalili shi ne masana'antun an gina su ne don injin tururi: babban inji ɗaya yana juya dogon ƙarfe da ya ratsa gini, kowace na'ura tana rataye da shi ta hanyar bel, dole a cunkushe su kusa da shi hawa bisa hawa. Da lantarki ya zo, sai masu masana'antu suka cire injin tururi suka sa babban injin lantarki a gurbinsa, suka bar komai yadda yake. Riba ta haƙiƙa ba ta zo ba sai da aka ba kowace na'ura ƙaramin injinta, aka gina masana'anta a shimfiɗe, aka jera aiki bisa yadda kaya ke tafiya. Kusan shekara 40 ke nan ana riƙe da sabon ƙarfi a cikin tsohon gida.

To, mu dawo gida, mu fara da Zariya. Gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dakta R. M. East ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Mukan karanta wannan a matsayin mafarin ƙagaggun labarai na boko, kuma haka ne. Amma idan aka dube shi da idon ɗan kasuwa, za a ga wani abu daban: hukuma ce da ta san mai sayen kayanta tun kafin a rubuta su. Makarantu ne ke buƙatar abin karantawa, gwamnati da hukumomin En'e ne ke biya. Saboda haka dabarar ita ce a fitar da littattafai kaɗan, a tace su, a daidaita rubutunsu, su daɗe ana amfani da su. Tsarin da aka gina ya bi wannan dabara sau da ƙafa. Akwai mai neman rubutu, da mai gyara, da mai duba ƙa'ida, da mai zane, duk a kan albashi. Da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kuma kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945 da maɗaba'arsa, sai inji da edita suka zauna a ƙarƙashin rufi ɗaya. Hukumar NORLA, wadda ta yi aiki a shekarun 1950 har zuwa 1959 kafaɗa da kafaɗa da shirin Yaƙi da Jahilci, ta faɗaɗa abin da ƙananan littattafai da jaridun larduna irin su Zaruma da Himma da Sodangi da Bazazzaga, amma ita ma jingine take da aljihun gwamnati.

Ya kamata a faɗi gaskiya, wannan haɗi ya yi aiki, kuma mu ne muka ci moriyarsa. Magana Jari Ce ba ta kai yadda take ba sai da aka sami wurin da zai ɗauke wa Abubakar Imam sauran ɗawainiya ya zauna ya rubuta, da wanda zai bi rubutun layi-layi. Daidaitacciyar Hausar da muke cire wa ɗalibai maki a kanta yau, a irin waɗannan ofisoshi ta ƙosa. Aikin gyara yana cin lokaci, lokaci kuma kuɗi ne, kuma tsarin Zariya yana da inda yake samo wannan kuɗi.

Kamfanin NNPC, na buga littattafai nake nufi ba na mai ba, an kafa shi a 1966 da haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan, ya kuma gaji wannan hanya. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya da aka ƙaddamar a 1976, a zamanin da kuɗin mai ke kwarara, ya ƙara tabbatar da cewa makaranta ita ce kasuwa. A wannan yalwa ce aka yi gasar da ta fitar da So Aljannar Duniya ta Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata ta Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah ta Magaji Ɗambatta a 1980. Sai farashin mai ya faɗi, sai shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada da kayan gyaran inji kuwa yawanci daga waje ake shigo da su. Gwamnatocin jihohi suka rage sayen littattafai. Kamfanin da ke da ma'aikata a kan albashi ba zai iya buga littafi kwafi kaɗan ya fita ba, dole sai bugu mai yawa, bugu mai yawa kuwa sai da tabbacin mai saye. Wane tabbaci ne ke tattare da labarin soyayya na wata yarinya da ba wanda ya taɓa jin sunanta? Komawa ga littattafan manhaja da na jarrabawa shi ne abin da lissafi ya nuna, kuma duk wanda ya zauna a kujerar manaja a lokacin da wuya ya yi wani abu daban. Sai dai duk kunnuwan wannan tsari a ma'aikatar ilimi suke. Babu ko ɗaya da ke jiyo abin da matar aure da ta gama firamare ko sakandare take son karantawa da rana bayan ta sauke tukunya. Abin mamakin shi ne, makarantun da kamfanin ya yi shekaru yana yi wa hidima su ne suka yaye wannan sabuwar mai karatu.

Marubutan Kano ba su zo da wata sabuwar na'ura ba. Tafireta ce, da injin sitensil a farkon lamari, sannan ƙananan injunan bugu da ke cikin gari tun da daɗewa suna buga katin biki da rasit da almanaka da fastar 'yan siyasa. Daga baya shagunan buga takardu da kwamfuta suka shigo. Ta fuskar inganci duk waɗannan ba su kama ƙafar abin da ke Zariya ba, kuma kowa yana iya zuwa ya biya a yi masa aiki. Ashe ke nan ba a inji bambancin yake ba. Abin da ƙaramin inji ya bayar shi ne damar buga kwafi kaɗan da kuɗi kaɗan, kuma marubutan suka gina komai nasu a kan wannan dama.

A nan ne nake son in ɗan dakata, domin nan ne nazarin kasuwanci ya taɓa nazarin adabi kai tsaye. Mun saba cewa littattafan wannan zamani suna fitowa kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku, wani lokaci har na huɗu, kuma kowane kashi yana tsayawa a daidai inda ran mai karatu ya rataya. Mukan sanya wannan a babin dabarun jan hankali. Wani tsohon mai maɗaba'a ne ya fayyace mini ɗaya fuskar. Marubuci yakan zo da labari cikakke a rubuce da hannu, amma kuɗin da ke aljihunsa ba su wuce na takardar sulusin labarin ba. Sai a buga sulusin, a kai kasuwa, cinikinsa ya buga na biyu, na biyu ya buga na uku. Idan na ɗaya bai karɓu ba, asarar ta tsaya a nan. Mai saye ma haka, ya fi masa sauƙi ya fitar da kuɗi kaɗan sau uku da ya fitar da mai yawa sau ɗaya. Yawan shafukan kowane kashi kuwa yana bin yadda babban fallen takarda ke naɗuwa, shi ya sa za ka ga an matse rubutu a shafukan ƙarshe, ko an cike gurbi da gaishe-gaishe da sunayen masoya. Saboda haka wurin da marubuciya ta yanke labari, inda amarya ta buɗe ƙofa ta ga abin da ta gani, wuri ne da ƙarancin jari ya zaɓa tare da ita. Wannan bai rage mata gwaninta ba, don iya yanka a gaɓa ma baiwa ce. Amma manazarcin da ya yi sharhin zubin irin wannan littafi bai san yadda aka biya kuɗin takardarsa ba, rabin hujja ke hannunsa.

Tsarin da ya ɗauki wannan dabara ba shi da ofis ko allon suna, amma tsari ne. Marubuci shi ne mawallafi, shi ne mai zuba jari, shi ne mai kai kaya. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama, wadda Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba da Balaraba Ramat Yakubu suke cikin fitattunta, da Kukan Kurciya da Jigon Hausa, sun yi wasu ayyukan da kamfani ke yi: tambari ɗaya a bango wanda mai saye zai gane, da jerin littattafan 'yan ƙungiya a cikin littafin kowane ɗayansu, wato talla ba tare da an biya ba, da nuna wa sabon shiga maɗaba'ar da ba za ta cuce shi ba. Diloli a kasuwa suka riƙe rarrabawa, 'yan sari suna ɗauka zuwa Katsina da Gusau da Sakkwato da Jos, har Maraɗi da Damagaram. Masu ba da haya suka kai littafi cikin gidaje, inda kwafi ɗaya zai zaga unguwa har ya rabu da bangonsa. Gidajen rediyo da ke karanta labaran suka zama masu shela. Wasiƙun masu karatu, waɗanda ake aikowa ta adireshin da ke bayan littafi, su ne binciken kasuwa. Babu albashin kowa a wuyan kowa, kowa yana ci ne daga abin da aka sayar. In Da So Da Ƙauna da Wa Zai Auri Jahila? ta wannan hanya suka kai inda suka kai.

Kowane tsari yana da abin da ya sadaukar. Wannan ya sadaukar da edita, domin babu gurbin da kuɗinsa za su fito. Kurakuran rubutu da aka yi ta yi wa waɗannan littattafai gori a kansu, da haɗe kalmomi da raba su ba bisa ƙa'ida ba, da ɓacewar haruffa masu lanƙwasa, suna da alaƙa da ilimin marubutan, amma suna da alaƙa mafi ƙarfi da cewa tsakanin alƙalamin marubuci da farantin bugu babu kowa sai mai tafireta, wanda ake biya bisa yawan shafi. Ko da aka samar da haruffan kwamfuta na Hausa irin su Rabi'at, amfaninsu ya fi yawa a jami'o'i, domin a kasuwa babu wanda aikinsa ne ya tabbatar an yi amfani da su. Abu na biyu da ya biyo baya ya fi wannan ciwo. Tun da dila ne ke tsaye a ƙofar da kuɗi ke shigowa, sannu a hankali ƙarfi ya koma hannunsa. Shi ya san abin da ke tafiya, shi ke da kuɗi a hannu, sai ya zama shi ke biyan kuɗin bugu, ko ya sayi labarin ɗungurungum, ya zaɓi hoton bango, ya ce a ƙara kashi ko a rage. Marubucin da ya guje wa jiran kamfani sai ya wayi gari yana jiran mai shago.

Da harkar finafinai ta kankama bayan fitowar Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wannan tsari ne aka ɗauka kacokan aka ɗora a kan kaset. Marubuta da dama suka koma can, aka mayar da littattafai finafinai, fim ma ya zama na ɗaya da na biyu, dila ya ci gaba da zama a ƙofa. Ya yi aiki muddin akwai wani abu da za a riƙe a hannu, a ƙirga, a sa a kwali. Da fim ya zama abin da ake tura wa mutum a waya a bakin titi da kuɗi ƙalilan, sai ƙofar da dila ke tsaro ta zama ƙofa a filin da ba katanga. Waɗanda suka farfaɗo daga baya, ta tashoshi irin su Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ko ta YouTube, sai da suka sauya abin da suke sayarwa da wanda suke sayar wa. Mai talla ne yanzu ke biya, shi kuwa yawan masu kallo da dawowarsu kowane mako yake saye, shi ya sa fim mai dogon zango ya kori mai kashi biyu.

Littafi ma wayar ce ta same shi. Layukan salula sun shigo Nijeriya a 2001, amma sai da wayoyi masu intanet suka yi araha, Facebook da WhatsApp suka shiga ɗakunan mata, sannan kasuwar takarda ta fara jin jiki. Wani shago da na saba zuwa, wanda a da littattafan hira ne tun daga ƙasa har rufi, yanzu littattafan makaranta da na addini da na rubutu ne suka cinye kantocinsa, na hira sun koma lungu ɗaya. Na ga masu ƙoƙarin bin zamani ta hanyar ɗaukar littafin da aka riga aka buga, su mayar da shi fayil, su sa masa farashi, su jira mai saye kamar yadda ake jira a shago. Duk lokacin da na ga haka sai in tuna masana'antun da Paul David ya ba da labari, an sa injin lantarki a gurbin na tururi, dogon ƙarfe da bel suna nan yadda suke.

Waɗanda suka sāke ginin tun daga tushe su ne marubutan intanet, kuma mafi yawansu mata ne. Ba su da kuɗin takarda da za su nema, saboda haka dalilin kasa labari uku ya kau, wani dalilin ya maye gurbinsa. Ana sakin labari shafi-shafi, kullum ko bayan kwana biyu. Shafukan farko kyauta ne, su ne tallar. Idan labari ya kai inda ba a iya haƙura, sai a rufe, mai son ci gaba ya tura kuɗi ta asusun banki ko katin waya, a sa shi a rukunin waɗanda suka biya. Sau da yawa akan ba da wata lamba daban domin masu karatu na Nijar, saboda bambancin kuɗi. Masu sayar da turare da atamfa da kayan mata suna biya a saka tallarsu a saman shafi. Marubuciya ta zama ita ce maɗaba'a, ita ce dila, ita ce mai karɓar kuɗi, kuma tana jin ra'ayin masu karatu kafin ta rubuta shafin gobe. Wannan ya taɓa zubin labarin kansa: ya ƙara tsawo ƙwarai, kowane shafi yana ƙarewa da ƙugiya, tauraron da masu karatu suka ƙi yana iya mutuwa kafin lokacinsa, wanda suka so a ƙara masa kwana. Idan aka auna da ma'aunin Woodward, wannan haɗi ya dace da fasaharsa fiye da duk wani yunƙuri da na gani.

Raunin da ke jikinsa kuwa daga fasahar ya fito. Abin da ya sauƙaƙa aikawa shi ya sauƙaƙa sata. Mutum ɗaya ya biya, ya tura wa rukuni goma. Wasu su tattara shafukan su zuba a shafukansu na intanet suna cin kuɗin talla, wasu su karanta a YouTube ba da izini ba. Kamfani yana da lauya da yarjejeniya, marubuciyar WhatsApp kuwa abin da take da shi shi ne gargaɗin da take rubutawa a saman kowane shafi, cewa ba ta yafe wa duk wanda ya karanta bai biya ba ko ya fitar mata da littafi. Na daɗe ina kallon wannan Allah-ya-isa a matsayin wani ɓangare na tsarin sana'ar, don ita ce ke yin aikin da sashen shari'a yake yi a kamfani, kuma ga dukkan alamu tana hana wasu. Manhajojin sayar da littattafai sun zo da alkawarin toshe wannan ɓaraka, ga ArewaBooks ana amfani da ita, amma duk wanda ya shiga manhaja ya amince da sabon mai tsaron ƙofa ke nan. OkadaBooks, wadda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu a cikinta, ta rufe a 2023.

Gurbin edita har yanzu babu mai biyansa. Ƙungiyoyin marubuta na intanet suna ɗan duba wa juna rubutu, gasa irin Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 tana tilasta wa masu shiga su kula da ƙa'ida, amma waɗannan taimako ne da kwalliya, ba su zama sana'ar da mutum zai ci abinci da ita ba. Sassanmu na Hausa kuwa kowace shekara suna yaye ɗaliban da suka san inda ake raba kalma da inda ake haɗe ta, suna fita suna neman aikin koyarwa, alhali dubban shafuka na fita kowane mako ba wanda ya duba su. Ina ganin da wuya wa'azin ƙa'idojin rubutu ya sauya wannan, muddin ba a sami wurin da ladan mai gyara zai fito daga cikin kuɗin da mai karatu ke turawa ba, ko dai marubuta biyar ko goma su haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya, ko manhaja ta sa gyara cikin kason da take cira.

Mu manazarta ma abin ya iso ƙofarmu. Littafin Zariya yana ɗakin karatu, na Kano ma, duk da raunin takardarsa, an sami masu himma da suka tara shi, ana iya zuwa a ɗaga a duba. Akwai wani labari na intanet da na so in sa a cikin wani aiki da nake yi, sai na tarar da shi iri uku: wanda aka saki a rukunin masu biya, da wanda marubuciyar ta gyara bayan masu karatu sun yi ƙorafi a kan ƙarshensa, da wanda wani ya tattara ya yanke gaishe-gaishe da tallace-tallace ya sa a shafinsa. Rukunin da aka fara sakinsa an riga an rufe shi. Ƙa'idar rubuta madogara da sashenmu ke bi tana neman shekara da garin da aka buga da sunan maɗaba'a da lambar shafi, ni kuwa sunan alƙalami kawai nake da shi da ranar da fayil ɗin ya shigo wayata.